Kwame Kilpatrick na Detroit: saƙon waya ne ya ɗaure shi ko kwangila?

Baban Walid:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Akwai wani ɗan bidiyo da ke yawo, ana cewa an ɗaure wani magajin gari a Amurka shekara 28 saboda saƙonnin soyayya da ya riƙa tura wa ma'aikaciyarsa, kuma wai shi ne ya talauta birnin Detroit har ya durƙushe. Kwame Kilpatrick ake nufi. Maganar farko ba haka take ba, ta biyun kuma gaskiyarta rabi ce. Shari'a uku ce daban-daban aka cakuɗa wuri ɗaya. Ta saƙon waya kwana 120 aka yanke masa a 2008. Ta saɓa sharuɗɗan sakin talala ita ce ta 2010. Ta shekara 28 kuwa ta gwamnatin tarayya ce, a 2013, kuma kan kwangilolin hukumar ruwa ne da haraji da zamba. Barista Hauwa, ke za ki fi warware mana ta farkon.

Barista Hauwa:
Wa alaikumus salam. To Baban Walid, bari a fara daga tushe, don ko ta farkon ma ba soyayyar aka hukunta ba.

An zaɓe shi a ƙarshen 2001 yana da shekara 31, ya kama aiki a Janairun 2002. Ɗan gidan siyasa ne, mahaifiyarsa Carolyn Cheeks Kilpatrick 'yar majalisar wakilai ce a Washington a lokacin, shi ma ya jagoranci 'yan Dimokuraɗiyya a majalisar dokokin jihar Michigan kafin nan. A 2003 wani ɗan sanda cikin masu tsaronsa, Harold Nelthrope, ya kai ƙorafi cewa dogarawan magajin gari suna rubuta awannin ƙarin aiki da ba su yi ba, ana kuma rufe haɗarin mota da suka yi cikin maye. Har da jita-jitar wata sharholiya a gidan gwamnati na Manoogian, mazaunin magajin gari, wadda babban lauyan jihar ya bincika ya ce bai ga hujja ba. Mataimakin shugaban 'yan sanda mai kula da binciken cikin gida, Gary Brown, ya fara bin maganar. A watan Mayu na 2003 aka sallame shi.

Michigan tana da dokar da ke kare ma'aikacin da ya fallasa ɓarna, a ƙarƙashinta Brown da Nelthrope suka kai ƙara. Aka zo shari'a a 2007. Kilpatrick da shugabar ma'aikatansa Christine Beatty suka rantse a gaban kotu cewa babu komai tsakaninsu, kuma ba korar Brown aka yi ba. Masu taimaka wa alƙali ba su yarda ba, suka ba 'yan sandan diyyar dala miliyan 6.5 a watan Satumba. Kilpatrick ya fito ya ce zai ɗaukaka ƙara. Da ya tsaya a nan, da wataƙila ya ƙarasa wa'adinsa lafiya lau.

Kawu Isa:
To me ya hana shi ɗaukaka ƙarar, 'yata?

Barista Hauwa:
Lauyan 'yan sandan, Mike Stefani, ya samo saƙonnin, Kawu. Na'urar da Beatty ke amfani da ita ta gwamnatin birni ce, irin ƙaramar na'urar tura saƙo ta kamfanin SkyTel, kuma kamfanin yana adana duk abin da aka rubuta a rumbunsa. Gogewa daga na'urar hannu ba ta goge na rumbu. Stefani ya nema da sammacin kotu, aka aiko masa. A watan Oktoba, ana zaman sasanta kuɗin lauya, ya miƙa wa lauyoyin birni takarda mai ɗauke da kaɗan daga ciki. A ranar aka daidaita kan dala miliyan 8.4, har da dubu 400 na wani ɗan sanda na uku, Walter Harris. Ka duba, wanda ya ce ba zai biya 6.5 ba ya koma ya biya 8.4.

Ga inda laifin ya yi nauyi. An kai wa majalisar birni adadin kuɗin ta amince, amma ba a gaya mata akwai yarjejeniyar sirri ta ɓoye saƙonnin a akwatin ajiya na banki ba. Da jaridar Detroit Free Press ta nemi takardun a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai, sai aka raba yarjejeniyar gida biyu, ɗaya ta nunawa, ɗaya ta ɓoyewa. Wato kuɗin jama'a aka sa aka sayi shiru. A Janairun 2008 jaridar ta buga labarin, saƙonni wajen 14,000 na shekarun 2002 da 2003, kuma a ciki ana ganin suna tattauna cire Brown. Mai gabatar da ƙara ta gundumar Wayne, Kym Worthy, ta tuhume shi da laifi takwas a watan Maris, ciki har da ƙarya bayan rantsuwa da toshe hanyar shari'a.

Malam Ɗanjuma:
Ramin ƙarya ƙurarre ne. Amma abin da ya kamata a lura da shi, yana kan kujerarsa aka tuhume shi, har ya kwana ɗaya a tsare a watan Agusta saboda ya tsallaka Windsor ta Kanada ba da izinin alƙali ba, alhali yana kan beli. Magajin gari ba shi da rigar kariya. Kuma kar a ɗauke shi kamar shugaban ƙaramar hukuma irin namu. A Detroit shi ke naɗa shugaban 'yan sanda, shi ke naɗa shugabannin hukumomi, shi ke tsara kasafin kuɗi.

Hanyar cire shi ma ba ta majalisa ba ce kai tsaye. Majalisar birni ta roƙi gwamna Jennifer Granholm, don dokar jihar ta ba gwamna ikon tsige jami'in birni bayan sauraren ba'asi. Ta fara zaman ranar 3 ga Satumba 2008, washegari ya amsa laifi biyu na toshe hanyar shari'a, bai kuma yi jayayya da tuhumar ture wani jami'in da ya je kai sammaci ba. Sharuɗɗan: ya sauka daga kujera, kwana 120 a gidan yari, mayar wa birni dala miliyan 1, shekara biyar ta talala ba takara, ya ajiye lasisin lauya. Kwana 99 ya yi ya fito.

Maman Iman:
Ni ta 2010 ce ta fi ba ni mamaki. Mutum ya samu sassauci irin wannan, ya koma Texas, wani reshen kamfanin Compuware ya ba shi aiki da albashin dala dubu 120 a shekara, sai ya zo ya ce wa kotu dala 6 kacal ke rage masa a wata bayan ɗawainiyar gida, don haka a rage masa abin da yake biya. Alƙali David Groner ya sa aka buɗe asusun. Sai ga rancen dala dubu 240 daga wasu attajirai huɗu da bai bayyana ba, ga kuɗi na shiga asusun matarsa, ga gidan haya na alfarma. Sharaɗin talala shi ne ka bayyana duk abin da ya shigo hannunka. Aka yanke masa wata 18 zuwa shekara biyar, ya yi wajen wata 14. Wannan kam shi ya jawo wa kansa, babu wani maƙiyi a ciki.

Injiniya Sabo:
Duk waɗannan ƙananan ne. Ku zo mu shiga hukumar ruwa, nan ne naman yake.

A zamaninsa hukumar ruwa da magudanan Detroit ba birnin kaɗai take yi wa aiki ba, tana ba mutum wajen miliyan huɗu ruwa a garuruwa fiye da 120 na kewaye. Kuɗinta daga masu biyan kuɗin ruwa yake fitowa, ba daga asusun birni da ya bushe ba, shi ya sa ko birni na kuka ita tana da manyan kwangiloli. Daga 1977 zuwa 2013 tana ƙarƙashin sa idon kotun tarayya saboda ƙarar gurɓata kogi, kuma alƙali John Feikens ya ba magajin gari matsayin mai kula na musamman, wanda zai iya sa hannu a kwangila ba tare da ta bi ta majalisar birni ba. An yi haka ne don aiki ya yi sauri. Sai ya zama an cire mai gadi daga bakin ƙofa. A 2006 alƙalin ya janye wannan iko daga hannunsa.

Yadda shaidu suka bayyana a kotu, ba wai ana ɗauko kuɗi daga asusu a zuba a buhu ba ne. Hanyoyin sun fi haka wayo. Ta farko, riƙe takarda. Kamfani ya ci kwangila ta hanyar da ta dace, sai takardar ta kwanta a teburin magajin gari wata da watanni. Kwangilar dala miliyan 50 ta gyaran cikin bututun magudana da kamfanin Inland Waters ya ci haka ta zauna, sai da aka gaya wa mai kamfanin, Tony Soave, cewa ƙaramin ɗan kwangilar da ya ɗauko ba shi ake so ba. Ya sallame shi ya ɗauki Bobby Ferguson, aminin magajin gari, takarda ta fito. Ta biyu, soke kwangila. Kamfanin Lakeshore ya rasa ayyuka biyu da suka kai dala miliyan 15, bayan haka ya gane karatun, ya riƙa sa Ferguson a duk takardar neman aiki, har da biyansa kan aikin da bai yi ba. Ta uku, taɓa ma'aunin tantancewa. A Detroit kamfanin da hedikwatarsa ke cikin birni yana samun ƙarin maki. Sai a soke wa kamfanin da ke gaba takardar shaidar zama ɗan gida, ko a sauya yadda ake lissafin makin farashi bayan an buɗe takardu, har ayarin da ake so ya hau sama.

Ta huɗu ita ce aikin gaggawa. A 2004 babban bututun magudana ya rufta a Sterling Heights, titi ya zama ƙaton rami, gyaran ya ci fiye da dala miliyan 50. A aikin gaggawa ba a jiran tallar neman 'yan kwangila, ana faɗaɗa tsohuwar kwangila ne da takardar ƙari. Nan ma an riƙe takardar ƙarin har sai da aka biya Ferguson abin da ya nema. Masu gabatar da ƙara sun ce ya samu ayyukan dala miliyan 127 a zamanin abokinsa, 73 daga ciki ta hanyar tursasawa.

Kawu Isa:
Injiniya, wannan ai duk Ferguson ne ke ci. Ina aka ga kuɗin ya shiga aljihun shi magajin garin? Don ba a ɗaure mutum saboda abokinsa ya yi arziki.

Akanta Lawal:
Tambayar da lauyoyinsa suka dogara da ita ke nan, Kawu. Babu hoton da aka ɗauka ana miƙa masa jaka. Abin da masu binciken haraji suka yi shi ne lissafin shiga da fita. Aka tara albashinsa na shekarun da ya yi a kujera, aka tara abin da ya kashe da abin da ya zuba a banki tsaba, aka ga rarar fiye da dala dubu 840 da albashi bai iya bayyana ta. Yana biyan bashin katin banki da tsabar kuɗi, kuma babu inda aka ga ya ciro su daga asusunsa. Shi ya ce kyauta ce daga masoya da ma'aikata, irin ta ranar haihuwa da ta ƙarshen shekara. Masu taimaka wa alƙali ba su karɓi wannan ba.

Sannan na kusa da shi suka ba da shaida. Derrick Miller, abokinsa tun makarantar sakandare kuma babban hadiminsa, ya ce ya miƙa masa kuɗi hannu da hannu. Emma Bell, mai tara masa gudummawa, ta ce daga ladan da ake biyanta tana mayar masa da kasonsa tsaba, jimilla fiye da dala dubu 200. Akwai kuma gidauniyar Kilpatrick Civic Fund, wadda aka yi wa rajista don wayar da kan masu zaɓe da taimakon unguwanni, aka riƙa biyan kuɗin tafiye-tafiyen iyali da sandunan wasan golf da kuɗin sansanin hutun yara daga cikinta. Wannan shi ne ya zama zamba ta hanyar wasiƙa da waya, don an rubuta wa masu ba da gudummawa cewa ba za a taɓa kuɗin don siyasa ko buƙatar kai ba. Duk dalar da aka ci ba a bayyana ba kuma ta sake zama laifin haraji. Haka tuhuma take haihuwar tuhuma har ta kai 30, aka same shi da 24 a watan Maris na 2013.

Wani ɗan abu da ya nuna halin tun da wuri: a 2005 aka gano an yi hayar jar mota Lincoln Navigator don iyalinsa da kuɗin 'yan sanda a kan dala 24,995. Duk abin da ya kai 25,000 sai majalisa ta gani. Dala biyar aka rage.

Baban Walid:
Duk na yarda. Amma shekara 28 ta yi yawa, a nan nake. Ray Nagin na New Orleans shekara 10 aka ba shi a 2014. Rod Blagojevich, gwamnan Illinois guda, wanda ya nemi sayar da kujerar sanata, shekara 14. Yaya magajin gari zai ninka gwamna? Mutane da yawa a Detroit suna ganin an yanke masa hukuncin ne a kan fushin durƙushewar birnin, don an shigar da takardar karayar arziki a watan Yuli, shi kuma aka yanke masa a Oktoba na shekarar. Akwai kuma masu kawo batun launin fata, ba za a ce ba su da abin faɗa ba.

Barista Hauwa:
Ba da ka ake yanke shekarun ba, Baban Walid. Kotunan tarayya suna da jadawalin maki. Ana duba yawan kuɗin da ke cikin laifin, ko mai laifin zaɓaɓɓen jami'i ne, ko shi ne jagoran gungun, ko cin hancin ya wuce sau ɗaya, ko yana da tsohon laifi. Kilpatrick ya cika kusan kowane gurbi, ga hukuncin 2008 a bayansa. An kuma same shi da laifi a ƙarƙashin dokar RICO ta 1970, wadda aka yi don gungun 'yan mafiya, ita ce ke ba da damar a haɗa laifuffukan shekara da shekaru a ce sana'a ɗaya ce. Masu gabatar da ƙara sun nemi aƙalla 28, lauyoyinsa suka roƙi kar a wuce 15, alƙaliya Nancy Edmunds ta ba da 28. Ferguson 21. Mahaifin Kilpatrick, Bernard, wata 15 kan laifin haraji guda ɗaya.

Game da launin fata, Jimmy Dimora, kwamishinan gundumar Cuyahoga a jihar Ohio, farar fata ne, shi ma 28 aka ba shi a 2012. Ban ce babu wariya a kotunan Amurka ba, amma wannan misalin ba ya ɗaukar nauyin da ake ɗora masa. Ni dai a ganina 28 ta yi tsauri, sai dai tsaurin daga jadawalin yake.

Baban Walid:
To ai kin dawo hanyata ke nan, Barista.

Barista Hauwa:
Rabi dai. Kai kana cewa ramuwa ce, ni ina cewa lissafi ne mai tsauri.

Akanta Lawal:
Bari in taɓa batun durƙushewar, don a nan ne masu zaginsa da masu kare shi duk suke kuskure. Bashin da Detroit ta kai kotu wajen dala biliyan 18 ne. Ko an haɗa duk abin da aka ce an sata ba zai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Birnin da yake da mutum miliyan 1.8 a 1950 ya koma dubu 951 a 2000, ya koma dubu 713 a 2010. Masana'antun mota sun fice, masu biyan haraji sun bi su, amma tituna da bututu da 'yan fansho suna nan yadda suke. Wannan ciwo ya girme shi.

Inda hannunsa yake dumu-dumu kuma ba a ma tuhume shi a kai ba, shi ne bashin fansho na 2005. Asusun fansho biyu na birni suna da giɓi. Dokar jiha ta ƙayyade yawan bashin da birni zai iya ci, kuma Detroit ba ta da sauran fili. Sai aka kafa wasu kamfanoni biyu na takarda, su suka karɓi dala biliyan 1.44 daga masu zuba jari aka zuba a asusun fansho, birni kuma ya ɗauki alkawarin biyansu da sunan kuɗin hidima, don kar a kira shi bashi. Wani ɓangare, wajen dala miliyan 800, kuɗin ruwansa mai hawa da sauka ne, sai aka ƙulla yarjejeniyar musaya da bankunan UBS da Merrill Lynch: birni zai riƙa biyan tsayayyen kaso, su kuma su ɗauki mai motsin. Idan kuɗin ruwa ya hau, birni ya ci riba. A 2008 ya faɗi ƙasa warwas. A farkon 2009 aka rage wa birnin darajar cin bashi, kuma akwai sharaɗi a takardar cewa idan haka ta faru bankuna na iya neman kuɗin warware yarjejeniya nan take, ɗaruruwan miliyoyi. Don a lallashe su aka jinginar da harajin gidajen caca, wanda shi ne kuɗin shiga mafi tabbas da birnin ke da shi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A kotun karayar arziki alƙali Steven Rhodes ya ƙi amincewa da tayin biyan bankunan miliyan 230, ya ƙi 165, sai a 85 ya sa hannu. 'Yan fanshon da aka ce za a ceta, na farar hula an yanke musu kashi 4.5 aka kuma soke musu ƙarin shekara-shekara.

Maman Iman:
Kuma majalisar birni ta amince da wannan, bayan wasu 'yan majalisar sun fara turjewa. Har lambar yabo wata jaridar masu hada-hadar takardun bashi ta ba cinikin. Don haka ba shi kaɗai ba ne.

Malam Ɗanjuma:
A yi masa adalci ta wani gefen kuma. Ba a banza aka sake zaɓensa a 2005 ba, bayan abokin takararsa Freman Hendrix ya kayar da shi a zagayen farko kuma mujallar Time ta sa shi cikin mafi munin magadan gari uku a manyan biranen ƙasar. A zamaninsa aka buɗe dandalin Campus Martius, aka fara gyara bakin kogi, aka farfaɗo da otal ɗin Book Cadillac da ya shekara ashirin da wani abu a rufe, birnin ya karɓi baƙuncin wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka a 2006 ba tare da abin kunya ba. Ya rage ma'aikata da dubbai, abin da magabatansa suka ji tsoron taɓawa. Sai dai mafi yawan wannan a tsakiyar birni ne, unguwanni kuwa fitilun titi a mace suke.

Kawu Isa:
To yanzu da aka ce Trump ya yafe masa, shi ke nan ya wanku?

Barista Hauwa:
A'a Kawu, ba afuwa ba ce, sassauci ne, kuma da bambanci. A ranarsa ta ƙarshe a ofis a Janairun 2021 Trump ya yanke ragowar zaman gidan yarin, bayan Kilpatrick ya yi kusan shekara takwas. Hukuncin cewa ya aikata laifin yana nan, kuɗin da aka ce ya mayar suna nan. Da farko dala miliyan 4.5 aka ce ya biya hukumar ruwa, kotun ɗaukaka ƙara ta ce an yi lissafin da ribar da Ferguson ya ci maimakon asarar da hukumar ta yi, aka sake lissafi ya dawo wajen miliyan 1.5. Ban da na hukumar haraji, ban da ragowar miliyan ɗayan 2008. Bayan 'yan watanni alƙaliya Edmunds ta saki Ferguson ma, cikin dalilanta har da cewa bai dace jagora ya fita a bar na ƙasa da shi a ciki ba.

Baban Walid:
Takara fa? Na ji ana raɗe-raɗin zai iya dawowa.

Barista Hauwa:
A 2010 masu zaɓe a Michigan suka gyara tsarin mulkin jihar: duk wanda aka samu da babban laifi na cin amanar ofis ba zai riƙe muƙamin jiha ko na birni ba sai bayan shekara 20. Idan ka ƙirga daga 2013, sai 2033. Kujerar majalisar tarayya kuwa wannan gyaran bai shafe ta ba, don sharuɗɗanta tsarin mulkin Amurka ne ke gindaya su, jiha ba ta da ikon ƙara nata.

Injiniya Sabo:
Ƙaramin gyara ga abin da na rubuta a sama, kar a ce na bar mutum ɗaya. Shugaban hukumar ruwan na lokacin, Victor Mercado, shi ma yana cikin waɗanda aka gurfanar. Ana tsakiyar shari'a a ƙarshen 2012 ya amsa laifin haɗa baki ya fita daga layi. Hukumar kanta ma ba ta nan yadda take, tun 2016 aka ba da hayar manyan bututu da matatun ga wata sabuwar hukuma ta yanki, Great Lakes Water Authority, a kan dala miliyan 50 duk shekara har shekara 40, Detroit ta riƙe bututun cikin gari kawai.